Banɗakin Mai Aski

Gida dai ya tashi. An yi rufi, an yi filasta, an saka ƙofofi da tagogi, har famfo ya fara zubar da ruwa a tsakar gida. Abu ɗaya ya rage, shi ne tayil ɗin ƙasa, kuma a kan wannan abu ɗaya ne Umma da autanta suka kusa daina gaisawa.

Auta ne ya gina gidan. Shekara shida yana fama, yau bulo gobe kwano, don kawai ya fitar da iyayensa daga gidan haya. Ɗa ne na kirki, wannan babu mai musu. Sai dai yana da wani hali guda: in ya ga abu a wayarsa ya burge shi, to an gama magana, ko duniya za a tara masa ba zai saurara ba. Abin da ya gani kuwa shi ne manyan tayil, irin masu santimita ɗari da ashirin a tsaye, sittin a kwance, a shimfiɗe tun daga ƙofar falo har cikin banɗaki, ba ka ganin layi sai ka duƙa ka nema.

Umma tela ce. Shekara talatin da huɗu tana kan keke, kuma har yau tef ɗin awo ba ya barin wuyanta. An sha ganinta da shi a layin asibiti, ta manta ba ta cire ba. Mijinta kuwa Mai Aski kowa ke ce masa, ko da yake rabonsa da taɓa kan wani shekara biyu ke nan. Mutum ne mai tsafta har ta so ta yi yawa, wanda zai wanke hannu kafin ya taɓa kanka, ya sake wankewa bayan ya gama, ya kuma bi wuyanka da burushi har sai ka gaji ka ce ya isa haka. Wata rana ya yanke jiki ya faɗi a shago da almakashi a hannu, ya farka a gadon asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Yana tafiya da sanda yana jan ƙafa, yana cin abinci da kansa, magana tana fita ko da a hankali ne. Wanka ne ya gagara. Sau ɗaya ya gwada shi kaɗai a banɗakin gidan haya, santsi ya kwashe shi, aka same shi a ƙasa da goshi a fashe.

Tun daga ranar Umma ke yi masa wanka kowace safiya. Ita ko a jikinta, mijinta ne, shekara arba'in suna tare. Shi ne abin yake ci. Da ta fara zuba ruwa sai ya rufe ido, ba ya buɗewa sai ta ɗaura masa tawul. Wata safiya tana cuɗa masa baya ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Kafin in mutu ina so in yi wanka ni kaɗai. Ko sau ɗaya ne."

Ta ce masa ya daina yi mata zancen mutuwa da sassafe. Ta shirya shi tsaf, ta zaunar da shi, sannan ta je gaban kekenta ta yi kuka mai isarta. Daga ranar, duk sabon gidan nan da falonsa da ɗakunansa huɗu, banɗaki kawai take gani.

Akwai kuma abin da ta sani wanda babu wanda ya sani, don ita ce take duƙawa ta wanke masa ƙafa. A simintin banɗakin hayar akwai wata tsaga, doguwa, ta ratsa daga bango zuwa rariya. Kullum in Mai Aski zai miƙe tsaye, sai ƙafarsa mai lafiya ta lalubo tsagar nan, yatsun su lanƙwashe su kama bakinta. Shi kansa ba ta jin ya san yana yi. Ranar da santsi ya kwashe shi ma, nesa da tsagar aka same shi.

Ranar Asabar Auta ya ɗauke ta a mota zuwa shagon tayil, wai ta zaɓi launi. Launi kawai, ka ji fa, girma an riga an yanke. Shago ne mai faɗi, an jingina tayil a bango sahu-sahu, fitilu na haska su har mutum yana ganin haƙoransa a ciki. Mai shagon, wani mai tumbi da zaƙin baki, ya taho da sauri yana murza hannu.

"Mama, sannu da zuwa! Ga wanda ake yayi nan. In aka shimfiɗa miki shi, ɗaki sai ya ninka girmansa. Ga sauƙin shara, ga sauƙin gogewa, datti ba shi da wurin ɓuya."

"Har banɗaki?" in ji Umma.

"Har banɗaki, Umma," Auta ya amsa. "Iri ɗaya ko'ina. Haka ake yi yanzu."

Ta ce a kwantar mata da guda a ƙasa. Aka kwantar. Ta zaro gorar ruwa daga jakarta ta tsiyaya a kai, ta zare takalmi, ta ɗora ƙafa. Ƙafar ta tafi suuu, ba don Auta ya cafke ta ba da ta yi zaman da ba ta shirya ba. Mai shago kuwa ba ya rasa amsa. Nan take ya ce ai akwai irinsa mai kaushi, girma ɗaya, an yi shi ne musamman saboda wurin ruwa. Aka kawo, ta sake tsiyaya ruwa, ta taka. Wannan bai ja ta ba.

"To kin gani," in ji Auta, baki har kunne. "Shi ke nan ai."

Can a lungu ta hango wasu ƙanana a cikin kwali, kowanne bai fi tafin hannu ba, duk sun yi datti don babu mai kula su. Ta nuna su da haɓa. "Waɗancan fa?"

Auta ya yi dariya. "Haba Umma! Wannan ai na banɗakin tashar mota ne." Da ya ga ba ta taya shi dariyar ba, sai ya sassauta murya. "Wallahi don Baba nake yi. Yana jan ƙafa. Duk layin da ke tsakanin tayil da tayil wurin tuntuɓe ne, sanda ta maƙale, ƙafa ta maƙale. Na sa an kafa masa ƙarfen riƙewa a bango, na sa an gina masa wurin zama. Babu abin da ban yi tunaninsa ba."

Gaskiya yake faɗa, kuma don ƙauna yake faɗa, shi ya sa abin ya fi mata ciwo. Ta buɗe baki za ta yi zancen tsaga da yatsu, sai ta dubi mai shago ya kasa kunne. A'a. Ba za ta tsaya a tsakiyar kasuwa tana ba da labarin yadda mijinta yake tsayawa tsirara ba. Ta ce kawai, "Ni dai raina bai kwanta ba."

"Umma, ke ɗinki kika sani," in ji Auta cikin wasa. "Ki bar mana gini."

Kai, Auta! Da ya san abin da ya taɓo da ya haɗiye maganar. Umma ta zare tef daga wuya, ta auna babban, ta auna wani matsakaici, ta je lungu ta auna ƙaramin, ta ari biro ta rubuta a tafin hannunta. A mota har suka isa gida titi take kallo.

Doka ɗaya Umma take da ita a sana'arta, kuma ba ta taɓa karya ta ba: ba ta sa almakashi a yadi mai daraja sai ta fara yanka takarda ta gwada. Masu koyo da yawa sun gudu daga hannunta saboda wannan, suna cewa ɓata lokaci ne. Da yammar nan ta je wurin mai sayar da firji a bakin titi ta roƙo manyan kwalaye. Ta baje su a tsakar gida, ta zana da alli, ta yanka. Da ta ga kwali ɗaya yana lanƙwasa, sai ta haɗa biyu-biyu ta ɗinke bakinsu da babbar allura don su yi tauri irin na tayil. Manya shida ta yi, ƙanana kuwa sai da ta cika leda.

Mai Aski yana zaune a kujerarsa yana kallo. Can ya ce, "Wa za a ɗinka wa rigar kwali?"

"Ɗanka," ta ce, zare a bakinta.

Litinin da safe ta tari motar haya, ta cusa kwalayen a baya direba yana ƙunƙuni, ta nufi sabon gida. Ta tarar da mai tayil yana share ƙasa, don ran Laraba zai fara aiki. Wani siriri ne, fensir a bayan kunne, gwiwoyin wandonsa duk sun koɗe saboda durƙuso. Ya gaishe ta da ladabi, ya dubi kwalayen, ya sosa ƙeya, bai dai tambaya ba.

Daga falo ta fara. Ta jera manyan a ƙasa, ta ja da baya ta duba. To, a nan kam dole a faɗi gaskiya, sun yi kyau. Sun kwanta lafiya lau, ɗakin ya buɗe. Ta ja ƙafa a kansu yadda Mai Aski yake ja, ba ta ji abin da ya tare ta ba. A ranta ta ce yaron nan ba wawa ba ne. Ta ci gaba da ɗaga na baya tana mayarwa gaba har ta kai ƙofa, sai ta ga saura ɗan wuri, faɗin yatsa uku.

"Daga ina za ka fara shimfiɗawa?"

"Daga bangon can, Mama."

"To a bakin ƙofa za ka ƙare da ɗan siririn guntu ke nan, inda kowa zai taka ya gani. Fara daga ƙofa, ragowar ta tafi bayan kujera."

Mai tayil ya ciro fensir daga kunne, ya dube ta da kyau, ya mayar. Daga nan bai sake share ƙasa ba, ya bi ta a baya.

Ƙasan banɗakin ba shimfiɗe yake ba. Magina sun yi masa gangara daga kowane bango zuwa rariya a tsakiya, yadda ruwa zai taru ya wuce. Umma ta durƙusa ta ɗora babban kwali. Bakinsa ya taɓa ƙasa ta nan, ya taɓa ta can, tsakiyar kuwa a sama take. Ta zura hannu ƙarƙashi, hannun ya shige har wuyansa. Ta juya kwalin ta kowace fuska, bai zauna ba. Ta ajiye shi gefe ta zazzage ƙananan, ta jera su ɗaya bayan ɗaya. Suka bi gangarar tsaf har bakin rariya, kowanne ya ɗan karkata kaɗan daga ɗan'uwansa.

Nan ta ji abin ya faɗo mata, har sai da ta yi tafi. Yo ai wannan ta san shi tun tana koyon ɗinki! Yadi falle ɗaya yana rufe baya, amma kafaɗa da hammata sai an yanka ƙanana an haɗa, in ba haka ba riga ta tsaya ƙerere.

"Malam, tayil yana lanƙwasa?"

"Ba ya lanƙwasa, Mama."

"To yaya za ka yi da manyan a nan?"

"Sai in cike ƙasan ya daidaita. In bar 'yar gangara kaɗan ta gefe ɗaya."

"Ruwa fa?"

Ya kau da kai. "Zai tafi. A hankali dai. Wani ya tafi, wani ya ɗan tsaya. Sai a bi da tsintsiya."

"Mai hannu ɗaya da sanda ne zai bi da tsintsiya?"

Umma ta miƙe tana dafa gwiwa, ranta a ɓace. "Ka san haka, ka yi gum? Me ya hana ka gaya wa Auta?"

"Mama, shekara ashirin ina wannan aiki. Mai gini in ya nuna maka hoto a waya, ba shawararka yake nema ba. Sau biyu na faɗi gaskiya, sau biyu aka kira wani."

Ta so ta ci gaba da faɗa, sai kuma ta tuna matan da ke zuwar mata da hoton ɗinkin da ba zai karɓe su ba. Ta huce. Ta san kuma Auta, in ta je masa da baki zai kawo mata hoto goma da bayani ashirin. Ta ce, "Mu a wurinmu ba a ba mutum riga sai ya gwada. Za ka iya shimfiɗa min biyu a bayan gida? Babba guda, yadda za ka sa shi a ciki, ba ƙari ba ragi. Ƙananan ma yadda za ka sa su. Da siminti da komai, kamar gaske."

Fuskar mai tayil ta washe. Ya ce samfurin babban yana nan Auta ya kawo, ƙananan kuma yana da ragowa a gida daga wani tsohon aiki. A ba shi kwana biyu su bushe.

Ran Laraba da la'asar Auta ya iso daga ofis, riga fara, wando ya sha guga, fuska a ɗaure don an ce masa ba a fara aiki ba. A bayan gida ya tarar da su. Babansa na zaune a kujerar roba a inuwar katanga, sanda a tsakanin ƙafafu. Mai tayil yana tsaye gefe kamar bai san komai ba. Umma kuwa ga ta da bokiti biyu, ɗaya na ruwa, ɗaya ya yi kumfa, a gaban wasu shimfiɗun tayil guda biyu.

"Umma, me ke nan kuma? Kwana nawa za mu..."

"Cire takalmi. Da safa. Naɗe wandon."

"Umma, daga aiki nake fa."

"Na ga alama. Hau kan naka."

Ya dubi babansa ko zai cece shi. Mai Aski ya ɗaga kai yana kallon sama. Auta ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya cire, ya hau kan babban tayil mai kaushi, ya buga ƙafa sau biyu. "Kin gani? Ko motsi."

"Ba haka babanka yake tsayawa ba. Sa hannun dama a aljihu, kar ya fito. Ƙafar dama kuma ɗaga ta, yatsu kawai su taɓa ƙasa, ba ta ɗaukar nauyi. Yauwa. Ungo kofi a hagu."

"Ai akwai ƙarfen riƙewa."

"Da wane hannun? Guda ɗaya gare shi. In ya riƙe ƙarfe wa zai riƙe soso?"

"To akwai wurin zama."

"Zai zauna. Amma ai sai ya tashi, kuma a kan ruwan sabulu zai tashi. Rufe ido."

"Ido kuma?"

"Sabulu ne a fuskarka."

Ya rufe. Umma ta kwara ruwan kumfa a ƙafafunsa. Ruwan ya bazu a kan tayil ɗin ya kwanta abinsa, yana wani tafiya kamar ba ya so. Ta ce ya duƙa ya ɗebo ruwa a bokiti ya miƙe. Ya duƙa lafiya. Ya ɗebo lafiya. Wajen miƙewa ne ƙafar ta ce ba da ita ba. Kofi ya yi sama, Auta ya yi ƙasa, ya zauna daɓas a cikin kumfa da wandonsa mai guga, ruwan kofin ya sauko masa a ka.

Mai tayil ya juya ya fuskanci katanga, kafaɗunsa suna rawa. Sai ga wata ƙara daga kujerar roba, wadda Umma ta daɗe ba ta ji ba. Mai Aski ne yake dariya, da rabin baki, har da buga sanda a ƙasa, hawaye na bin kuncinsa.

"Ba ka ji ciwo ba dai?" in ji Umma, ita ma tana danne tata.

"Ban shirya ba ne," Auta ya ce yana miƙewa, kumfa na ɗiga daga gwiwar hannunsa.

"Shi ma ranar bai shirya ba. Hau ɗayan."

Wannan karon bai yi musu ba. Ya hau ƙananan, hannu a aljihu, ƙafa a ɗage, ido a rufe. Ta kwara ragowar ruwan kumfar gaba ɗaya. Ruwan ya bi layukan da ke tsakanin tayil ɗin ya gangare, kafin ka ce me ya wuce. Auta ya duƙa, ya ɗebo, ya miƙe. Ya sake duƙawa don kansa, ya miƙe. Ya ɗan girgiza jiki da gangan. Yana nan tsaye.

"Kar ka motsa," in ji Umma. "Buɗe ido ka dubi ƙafarka. Me yatsunka suke yi?"

Ya duba. Yatsun sun lanƙwashe, sun shige cikin layin sun kama bakin tayil. Bai san sanda suka yi ba.

"Haka na babanka suke yi. Akwai tsaga a banɗakin can, ita yake kamawa kullum. Shekara biyu ina duƙe a gaban ƙafar nan kowace safiya, na san ta fiye da yadda na san tawa. Kai ka share masa hanya don kar ya yi tuntuɓe, Allah ya yi maka albarka. Amma a cikin ruwa ba hanya yake nema ba, abin kamawa yake nema." Ta ajiye bokitin. "Ba wanka mai kyau yake so in yi masa a banɗaki mai kyau ba. So yake in fita."

Dariya ta ɗauke. Mai tayil ya sulale ya koma cikin gida. Auta ya sauko a hankali, ya je ya tsuguna a gaban kujerar roba, jiƙe sharkaf.

"Baba, me ya sa ba ka taɓa gaya min ba?"

Mai Aski ya daɗe yana haɗa kalmomin. "Ba a gaya wa ɗa irin wannan."

Auta ya sunkuyar da kai. Uban ya miƙa hannun hagu ya share masa kumfar da ke bayan kunne, ya dubi gashin ya ce, "Wa ya yi maka askin nan? Ya cuce ka."

Da Auta ya juyo, idonsa ya yi ja. "Umma, ki yafe min maganar da na faɗa a shago."

"Wace? Ta ɗinki?" Ta naɗe tef ɗinta a yatsa, a hankali, tana jin daɗin abin har cikin ranta, kuma ba ta ɓoye ba. "Ai gaskiya ka faɗa, ɗinki na sani. Falo da baranda da ɗakuna naka ne, manyan sun fi, na gwada. A nan ka fi ni gaskiya. Banɗaki kuwa nawa ne. Je ka canza wando kar mura ta kama ka."

Kwana tara mai tayil ya yi yana aiki, huɗu daga ciki a banɗakin nan kaɗai. Ƙananan tayil cin rai gare su, kowanne sai an zaunar da shi an daidaita da na kusa. Bai yi ƙorafi ba, har waƙa yake yi. Umma tana zuwa kullum da bokitinta, duk inda ya gama ya bushe sai ta kwara ruwa ta tsaya tana kallon inda zai bi. Wuri ɗaya kusa da wurin zaman ruwa ya ɗan kwanta, faɗin faranti. Ta nuna masa da yatsa. Ya ɓamɓare guda goma sha biyu ya sake.

Suka tare a ƙarshen wata. Washegari da safe Umma ta dafa ruwa ta sirka, ta kai bokiti ciki ta ajiye kusa da wurin zama, da sabulu da soso inda hannun hagu zai kai. Ta saɓa tawul a kafaɗa, ta naɗe hannun riga kamar kullum, ta je ta kamo shi. Suka taho a hankali, sanda tana ƙwas-ƙwas a kan manyan tayil ɗin Auta, ba ta maƙale ko sau ɗaya ba.

A bakin ƙofar banɗaki ya tsaya. Ya zare takalmi, ya zura ƙafar hagu ciki, ya ɗan murza ta a ƙasa. Ta ga yatsun sun lalubo layi sun kama. Ya matsa gaba, suka sami wani. Ko'ina ya taka akwai.

Ya miƙo hannu ya zare tawul ɗin daga kafaɗarta ya rataya a wuyansa.

"Je ki sha shayinki."

Ya shiga ya tura ƙofa. Sai ta ji ƙarar sakata, ƙaras.

Shayi kuma? Ina! Nan ta tsaya, kunne a jikin ƙofa, hannu a ƙirji. Ta ji ya jingina sanda. Ta ji nishinsa ya zauna. Ta ji kofi ya taɓa bokiti, ruwa ya zuba, ya gangara ya wuce. Sai kuma shiru. Shirun ya yi tsawo. Ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, ta ɗaga hannu za ta doki ƙofar, sai ruwa ya sake zuba, daga sama wannan karon, irin zubar da yake yi in mutum yana tsaye. A cikin ƙarar ruwan kuma ga wani fito-fito, rabi iska rabi sauti, na bakin da ya karkace amma bai haƙura ba.

Ta lalubo waya, ta kira Auta.

"Umma, lafiya? Ina cikin taro."

"Fita ka saurara."

Ta manna wayar a jikin ƙofa, ta bari ya ji sosai, sannan ta mayar kunne.

"Me nake ji haka? Famfo ne ya fashe?"

"Babanka ne yake wanka."

"To ke kina ina?"

"Ina waje."

Ta ji Auta yana jan hanci a can, ita ma tana jan nata a nan, suna ta saurarar ruwa su biyu. Sai murya ta fito daga ciki, a hankali amma da ƙarfinta, irin ta maigida.

"Wai wa ke tsaye min a ƙofa? A ba mutum wuri mana!"

Umma ta fashe da dariya, ta share ido da bakin mayafi, ta warware hannun rigarta, ta ba shi wuri.